Ina da katin zaɓe, me ya sa aka hana ni shiga taron jam'iyya?

Tambaya: Malam, ni mazaunin Daura ne, tun 2015 nake jefa wa jam'iyya ɗaya ƙuri'a. Na je taronta na mazaɓarmu, aka tare ni a bakin ƙofa wai ba sunana. Wa ke da ikon shiga?

Amsa: Ɗan'uwa, katin da ke aljihunka na INEC ne, aikinsa ranar babban zaɓe. Taron jam'iyya kuwa sha'anin cikin gida ne, sai ɗan gida. Ana zama ɗan gida ne idan mutum ya kai shekara 18, ya yi rajista a mazaɓarsa, ya karɓi katin jam'iyya, kuma ba ya riƙe da na wata.

Katin ma ba shi ne magana ba, littafin rajista ne. Za ka ga sakataren mazaɓa zaune kan benci, littafi bisa cinya, yana bin sunaye da ɗan yatsa. In bai ci karo da naka ba, ko katinka na sheƙi, a waje za ka tsaya. Dokar Zaɓe ta 2022 ta wajabta wa jam'iyyu miƙa wa INEC wannan rajista kafin zaɓen fidda gwani, don haka wanda ya garzayo ana gobe taro ya makara. A ganina nan ne aka fi cutar talaka, domin wanda littafin ke hannunsa shi ke da wuƙa da nama.

Sannan taron iri-iri ne. Na jiga-jigai, wato masu ruwa da tsaki, muƙami ke kai mutum: gwamna, 'yan majalisa, shugabannin jam'iyya da dattawanta. Kati ba ya buɗe wannan ƙofar. A zaɓen 'yar tinƙe duk mai rajista na bin layi. In kuma na daliget ne, wato wakilan da ke jefa ƙuri'a a madadin mambobi, kai naka zaɓen daliget ɗin kawai. A 2022 APC ta ware biyar-biyar daga kowace mazaɓa don fidda ɗan takarar gwamna, Katsina kuma mazaɓu 361 gare ta. A shekarar, sashe na 84 na Dokar Zaɓe ya bar ƙuri'a ga zaɓaɓɓun daliget kaɗai, har shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ɗan garinku, bai jefa ba ranar fidda ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyarsa.

Ka je wurin sakataren mazaɓarku tun ba a sa ranar taro ba, ka ce a nuna maka sunanka da lambarka. In ya yi ta maka hanya-hanya, rubuta ƙorafi ga shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma, ka ajiye kwafi.