Tambaya da Amsa: Ina ne Cutar Shuɗin Harshe ba ta Kai ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai kiwon raguna ne a turke, kuma ina da 'yan shanu a wajen gari. Na ji a rediyo cewa wata cuta da ake kira shuɗin harshe tana kashe tumaki a ƙasashen Turai. Shin akwai ta a ƙasarmu, kuma yaya yaɗuwarta take a tsakanin dabbobi? Sannan tana kama mutum idan ya ci nama ko ya sha nono? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a kiwo. Bari in fara da abin da ya fi damun mai iyali: wannan cuta ba ta kama mutum, ko ta nama, ko ta nono, ko ta taɓa dabbar da ta kamu.

Cutar, wadda Turawa ke kira bluetongue, ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma yawanci ba ta tsallakawa kai tsaye daga dabba zuwa dabba. Masu ɗaukar ta wasu ƙananan ƙwari ne masu shan jini da masana ke kira Kulikoyidis, waɗanda tsawonsu bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Suna hayayyafa a damshin ƙasa da ta cakuɗa da kashin dabbobi, irin caɓin da ke taruwa a gindin kwamin ban ruwa ko a bakin fadama, kuma sun fi cizo da magariba da kuma asuba.

Asalin sanin cutar daga nahiyarmu ne. A Afirka ta Kudu aka fara lura da ita bayan an shigo da tumakin Merino masu ulu daga Turai, aka yi cikakken bayaninta a 1905. Sai a 1943 aka tabbatar da ɓullarta a wajen Afirka, a tsibirin Saifurus. Yau ana samun ta a Afirka, da Gabas ta Tsakiya, da Indiya, da Sin, da arewacin Ostareliya, da nahiyoyin Amurka, wato kusan duk inda ɗumi ya ishi waɗannan ƙwari rayuwa. An daɗe ana ganin sanyin arewacin Turai ya fi ƙarfinta, har watan Agustan 2006, lokacin da nau'i na 8 daga cikin nau'o'in ƙwayar ya bayyana a Holan, da Beljiyam, da Jamus, ya kai Ingila a 2007. Da aka binciki ƙwayar, sai aka ga ta fi kusanci da wadda aka taɓa samu a Najeriya a 1982. A watan Satumban 2023 kuma nau'i na 3 ya ɓulla a Holan, ya yi wa masu tumaki mummunar ɓarna, ya bazu zuwa maƙwabta. Mai yiwuwa labarinsa ne ka ji.

To, a nan gida fa? Akwai ta, kuma ta daɗe. Tun a shekarun 1970 gwajin jini ya nuna cewa tumaki da awaki da shanu a Najeriya suna haɗuwa da ƙwayar, haka ma a Sudan. Abin da nake so ka riƙe shi ne, yawan dabbobin da ƙwayar ta shiga jikinsu daban yake da yawan waɗanda suka kwanta ciwo. Tumakinmu na gida, irin su 'Yankasa da Uda da Balami, sun saba da ita tun kaka da kakanni, don haka sau da yawa takan shiga ta fita ba tare da mai dabba ya ga komai ba. Shanu ma galibi ba sa nuna alama, amma ƙwayar tana iya zama a jininsu har kimanin kwana 60, ƙwari suna ɗiba suna kai wa tumaki. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai sayo tumakin ƙetare don inganta iri, domin baƙuwar tunkiya ba ta da wannan kariya.

Idan ta kama rago sosai, za ka ga zazzaɓi mai zafi, leɓɓa da fuska sun kumbura, miyau yana dalala, majina ta bushe ta toshe hanci. Ka miƙa masa dusa ya kai baki ya janye saboda gyambon da ke dasashinsa, kuma ka ga yana ɗingishi, saman kofato ya yi ja. Shuɗin harshen da aka sa wa cutar suna da shi ba kasafai ake ganinsa ba, saboda haka kada ka jira shi.

A ganina, babbar matsalarmu ita ce kamanni. Waɗannan alamu suna kama da na ciwon baki da kofato, da na annobar tumaki da awaki da ake kira PPR, wadda ta fi shuɗin harshe kisa a garkunanmu nesa ba kusa ba. Ido kaɗai ba ya rarrabe su, sai an ɗebi jini an kai ɗakin gwaji, irin na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Yana ɓata mini rai in ga an yi ta ɗirka wa rago allura daga kasuwa ba a san abin da ke damunsa ba.

Cutar ba ta da maganin da ke kashe ƙwayar, sai dai jinya: inuwa, ruwa mai tsabta, da abinci mai laushi. Akwai rigakafi, amma nau'o'in ƙwayar sun haura 24, kuma allurar wani nau'i ba lallai ta kare dabba daga wani ba. Abin da ke hannunka shi ne ka kwashe taki daga turke, ka gyara inda ruwa ke kwanciya, ka shigar da raguna ɗaki kafin faɗuwar rana musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka, kuma ka nisanta turkensu daga inda shanunka suke kwana. Duk ragon da ka ga bakinsa ya kumbura, ka ware shi, ka kira likitan dabbobi a ranar.