Amsar tambayar hankakan Rashawa (an rubuta daga murya)

Salamu alaikum 'yan gida. Malam, na ji tambayarka, wai ko "voron" da "vorona" na Rashanci miji da mata ne. A'a wallahi, tsuntsaye biyu ne daban. Voron shi ne ƙaton nan baƙi ƙirin mai kaurin baki. Vorona kuwa ita ce wadda nake gani kullum a bakin bola lokacin da nake karatu a Mosko, jiki toka-toka, kai da fukafukai baƙaƙe, tana tsalle cikin ƙanƙara. Ta fi kama da hankakanmu mai farin ƙirji.

To amma tushen sunayen biyu ɗaya ne, kuma tsoho ne ƙwarai. Mutanen Lituweniya suna cewa varnas da varna. A Latbiya, vārna. Har tsohon yaren Furusiya, wanda ya mutu wajen 1700, ya bar mana shaida: akwai wani kundin kalmomi na garin Elbing, na wajen shekarar 1400, kalma 802, a ciki an rubuta warnis da warne. Ka ga tun kakannin Baltik (su Lituweniya, Latbiya da tsoffin mutanen Furusiya) da na Silabawa (su Rashawa da danginsu) suna magana da harshe ɗaya sunan yake nan.

Da Silabawa suka watsu, kowa ya juya "var" yadda harshensa ya so. Bulgeriya vrana, Folan wrona, Rashawa suka ƙara wasali. Masana da yawa na ganin asalin ma'anar "baƙi" ce, don har yau Barashe na kiran baƙin doki voronoy.

Amma abin da ya fi taɓa ni, Malam, shi ne karin sauti. Mu Hausawa mun san kuka na hawaye da kuka ta miya, rubutu ɗaya, murya ce ke raba su. To haka a Lituweniya, "var" ɗin varnas da na varna ba da murya ɗaya ake faɗarsu ba. Rashanci ya rasa karin, amma sawunsa ya rage: VOron, nauyi a farko, voROna, nauyi a tsakiya. Ranar da na gane wannan sai da na tashi tsaye a ɗakin karatu. Ka faɗe su da ƙarfi sau uku, za ka ji da kunnenka.