Mai Haƙuri Yakan Dafa Dutse: Amsoshi Kan Kobalt, Kiristal da Kalmominmu

Wata ɗaliba mai karatun kimiyyar sinadarai ta rubuto tana cewa: "Malam, aikina na kammala karatu shi ne harhaɗa wani sinadari na kobalt, irin wanda ƙwayoyin ƙarfen ke ƙulle da juna ba iyaka, sannan a binciko yadda tsarin cikinsa yake. Ina son in yi bayaninsa da Hausa. Na ga ana kiran kiristal lu'ulu'u. Daidai ne? Kuma me zan kira abin da ke ɗaure ƙwayoyin?"

Ɗiyata, ban goyi bayan lu'ulu'u ba. Kalmar aro ce daga Larabci, kuma asalinta ƙwayar nan ce mai sheƙi da ake cirowa daga cikin wata halittar teku mai ƙwanso. Bahaushe ya faɗaɗa ta har ta haɗa da daiman da duk wani dutsen ado. Abin da kunne ke ji a cikinta shi ne ƙyalli da tsada, alhali babu ɗaya daga cikinsu da ke sa abu ya zama kiristal. Gishiri kiristal ne, ba shi da tsada. Gilashi kuwa yana ƙyalli amma ba kiristal ba ne, domin atam-atam ɗinsa ba su da jeri. Sharaɗin guda ne: ƙwayoyin ciki su jeru bisa tsari ɗaya da ke maimaita kansa ta tsawo, ta faɗi, ta zurfi.

Kalmarmu da ta fi kusa ita ce ƙanƙara. A Girkanci, inda kiristal ta samo asali, ma'anarta ta farko daskararren ruwa ne, daga baya suka kira farin dutse mai garai-garai da sunan, don sun ɗauka ruwa ne da ya daskare har abada. Mu ma ƙanƙara ɗaya muke kiran wadda ke faɗowa tare da ruwan sama da kuma dutsen ƙyasta wuta. Harsuna biyu da ba su san juna ba sun yi tunani iri ɗaya. Sai dai mai sauraro na yau in ya ji ƙanƙara, zuciyarsa na kan abin da ke narkewa a hannu. Don haka ki riƙe kiristal ɗinki, ki yi mata bayani sau ɗaya a farko: daskararren abu mai tsararren ciki. Aro ba abin kunya ba ne, lu'ulu'un ma aro muka yi.

Abin da ke ɗaure ƙwayoyin kuwa, sunansa na kimiyya daga kalmar Latin ta ɗaurewa ya fito, kuma muna da kwatankwacinta: maɗauri, jam'i maɗaurai. Kada ki ce maƙulli ko da yake ƙullawa yake yi, domin a rubuce zai rikice da makullin ƙofa. Ƙwayar kobalt da ke tsakiya ki kira ta cibiya. Idan maɗauri baki guda gare shi, zai kama cibiya ɗaya, magana ta ƙare a nan. Idan baki biyu ne, kamar sinadarin baifiridin mai naitirojin a kowane ƙarshe, sai ya kama wannan cibiya da baki ɗaya, ya kama waccan da ɗayan, ita ma waccan ta miƙa wa ta gaba. Wannan ci gaba marar iyaka shi ake nufi da polima, kalmar da ke nufin gaɓoɓi da yawa a Girkanci.

Kobalt kuloraid kaɗai ya isa misali. Idan yana ɗauke da ƙwayoyin ruwa 6, kowace cibiya zaman kanta take yi, ruwa huɗu da kuloraid biyu na kewaye da ita, sauran ruwa biyun suna gefe, launinsa ruwan hoda. Idan ruwan ya ragu zuwa 2, kuloraid kan koma gada tsakanin cibiyoyi, a samu dogon jeri mai launin shunayya. Idan ruwan ya tafi duka, sai jerin ya bazu ya zama shimfiɗa-shimfiɗa, launi ya koma shuɗi. Na tsakiyar ki kira shi sarƙa, na ƙarshen ki kira shi raga. Wanda ya miƙe ta fuska uku, ki ce gini. Wani lokaci ramukan gini kan yi girma har wani ginin irinsa ya ratsa ta cikinsu ba tare da sun ɗaure da juna ba. Za ki so ki ce sarƙaƙiya, amma sarƙaƙiya tana ɗauke da ma'anar ruɗani, wannan kuwa tsaf yake a tsare. Ratsa-juna ya fi.

Wani malamin sakandare ya tambaya: "Ranka ya daɗe, haɗawa za mu ce ko gaurayawa? Kuma na kan gaya wa ɗalibaina cewa wannan aiki shi ne ainihin 'mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa'. Na yi daidai?"

Malam, gaurayawa ba ta kai ba. Abin da aka gauraya yana nan yadda yake, ana iya tsince shi. A nan sabon abu ake samu, wanda ba ya cikin kayan da aka fara da su. Harhaɗawa ta fi dacewa da aikin hannun masani, tunda ninka gaɓar farko na nuna yawan abubuwa da yawan matakai. Amma akwai abin da nahawunmu ke iya faɗa cikin gaɓa ɗaya wanda ya dace da wannan kimiyya ƙwarai. Dubi bambancin "ya haɗa su" da "sun haɗu". Na biyun, wanda masana nahawu ke sa wa aji na bakwai a tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960, yana nuna abin ya auku ya kammala, ba tare da an ambaci mai yi ba. To masani ba ya ɗaukar ƙwayar kobalt ya liƙa mata maɗauri. Ba shi da hannun da zai yi haka. Shi dai ya tara kaya, ya daidaita zafi, ya rufe. Ƙwayoyin da kansu suke neman mazauninsu. Masani yana harhaɗawa, kiristal yana haɗuwa.

Ga yadda akan yi. A ɗauki gishirin kobalt, galibi naitiret, a narkar da shi tare da maɗauri cikin ruwa ko wani abin narkarwa. A zuba cikin tukunyar ƙarfe mai murfin dunƙule wadda aka lulluɓe cikinta da Teflon, wata irin roba mai jure zafi, a sa a tanda a zafin da ya kama daga digiri 100 zuwa 180, a bar shi kwanaki. Sannan a sauke zafin sannu a hankali, digiri kaɗan cikin kowace awa. Wata hanyar ba ta buƙatar wuta: a zuba ruwan gishirin a ƙasan siririyar kwalba, a ɗora ruwan maɗauri a samansa a hankali don kada su cakuɗe, a ajiye su su riƙa ratsa juna har makonni.

Dalilin wannan jan ƙafa shi ne ɗaurin da ke tsakanin kobalt da maɗauri yana kwancewa ya sake ɗauruwa. Idan maɗauri ya zauna a karkace, yana da damar saki ya gyara zama, muddin ginin bai yi sauri ya binne shi ba. In aka gaggauta, dubban ƙananan kiristal kan tsiro a lokaci guda, a tashi da gari maimakon ƙwaya ɗaya mai kyau. Sauri ya haifi nawa ke nan, domin sai an sake daga farko.

Game da karin maganarka, ta dace, amma a juye. Bahaushe ya san dutse ba ya dahuwa, kambamawa ce ya yi don ya nuna haƙuri na kai mutum ga abin da ake ganin ba zai yiwu ba. A ɗakin gwaji romon ake dafawa har ya zama dutse. Sannan ka faɗa wa ɗalibanka cewa haƙuri shi kaɗai ba ya haifar da kiristal. Idan tsamin ruwan bai daidaita ba, ko awon gishiri da maɗauri ya kauce, sai a shekara ana jira a tarar da ruwa garau. Akwai kuma wanda ba ya neman haƙurin kowa: sinadarin da ake kira ZIF-67, na kobalt da wani maɗauri daga dangin imidazol, yana fitowa a matsayin gari mai launin shunayya a zafin ɗaki, da an haɗa ruwayen biyu cikin metanol.

Wani kuma ya ce ya ji sunan kobalt na da alaƙa da aljanu. Gaskiya ne. Masu haƙar ma'adinai a Jamus sukan tono wani dutse suna zaton za su samu azurfa ko tagulla, su narka shi ba su samu komai ba sai hayaƙi mai guba na asinik. Sai suka ɗora laifin a kan kobold, wani ɗan aljanin rami a tatsuniyoyinsu. Georg Brandt, ɗan ƙasar Suwidin, shi ya nuna wajen 1735 cewa sabon ƙarfe ne a cikin dutsen, kuma shi ke ba gilashi launin shuɗi. Sunan aljanin ya bi ƙarfen, wanda lambarsa 27 a jadawalin sinadarai.

Tambayar da ta fi burge ni daga wata malama ta zo: "Me ya sa ƙarfe ɗaya ke canza launi haka? Za a iya cewa zama da maɗaukin kanwa ne?"

Malama, kin harbi tsakiya. Cikakkiyar karin maganar ita ce, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ya zauna kusa da mai ɗauke da kanwa, ƙurarta za ta sauka a kansa ko bai taɓa kayan ba. Launin kobalt ma daga maƙwabtansa yake. Maɗauran da ke kewaye da shi su ke raba matakan ƙarfin ilektoron ɗinsa, kuma girman ratar shi ke yanke irin hasken da zai haɗiye. A cikin ruwa, ƙwayoyin ruwa 6 na kewaye shi, a ga ruwan hoda. A zuba asid mai kuloraid da yawa, kuloraid 4 su ƙwace wurin, nan take ya rikiɗe shuɗi. Har ma wani ɓangaren karin maganar da ba a cika lura da shi ba ya dace: farin kanwa ba furfura ba ce, wanki na fitar da shi. Shi ya sa ake sa kobalt kuloraid cikin ƙwayoyin tsotse laima, shuɗi in sun bushe, ruwan hoda in sun jiƙe, a gasa su su koma shuɗi.

Launukan nan ne suka buɗe wannan fage tun farko. Masana sun daɗe da sanin wasu sinadarai na kobalt da amoniya da kuloraid, ɗaya rawaya, ɗaya shunayya, ɗaya kore, ba su gane dalilin bambancin ba. A 1893 Alfred Werner, a birnin Zurich, ya kawo bayanin cewa kobalt na riƙe da maƙwabta 6 a kusurwoyi shida da ke kewaye da shi. A rawayan, amoniya ce ta cike duka shidan, kuloraid uku suna waje. A shunayyan, amoniya biyar ce da kuloraid ɗaya a ciki. A koren, huɗu da biyu. Gwaji da gishirin azurfa ya yi daidai da haka, domin kuloraid na waje kaɗai yake kamawa: uku, biyu, ɗaya. Werner ya samu kyautar Nobel a 1913. Daga wannan tushe aka kai ga aikin Richard Robson a Melbourne a 1989, da na Susumu Kitagawa a Japan, wanda a 1997 ya nuna ginin kobalt da baifiridin na iya shan iskar metan, naitirojin da oksijin cikin ramukansa ya sake su ba tare da ya rushe ba. Su biyun tare da Omar Yaghi aka ba Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2025.

Malamar ta ƙara da tambayar ko "labarin zuciya a tambayi fuska" ya shafi kiristal. Ya shafe shi zuwa wani mataki. Tun 1669 Nicolas Steno ya lura cewa kusurwar da ke tsakanin fuskokin kiristal iri ɗaya ba ta canzawa, babba ne ko ƙarami, kuma wannan alama ce ta tsarin ciki. Amma fuska ba ta faɗin wace ƙwaya ce ke ina. Sai a 1912 Max von Laue da abokan aikinsa suka gano kiristal na warwatsa hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, zuwa ɗigo-ɗigo masu tsari, a 1913 kuma William Bragg da ɗansa Lawrence suka karanta tsarin gishiri daga irin wannan haske. Da wannan hanya Dorothy Hodgkin ta fayyace tsarin bitamin B12 a tsakiyar shekarun 1950, wanda kobalt ne a cibiyarsa.

A yau akan zaɓi ƙwaya ɗaya da ba ta kai rabin milimita ba, a sanyaya ta da iskar naitirojin, a juya ta cikin hasken, na'ura ta auna dubban ɗigo, kwamfuta ta mayar da su taswira. Daga nan ake sanin cewa tazarar kobalt da oksijin a irin waɗannan sinadarai ta kai kimanin angistiram 2.1, angistiram ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan 10 na mita. Ana ajiye sakamakon a ma'adanar bayanai ta Cambridge da aka fara a 1965, wadda ta haura tsari miliyan ɗaya a 2019. Ƙwayar da aka zaɓa ita ce mafi kyau a tukunya, kuma ba lallai sauran su zama irinta ba. Saboda haka akan niƙa wani kaso na ragowar, a haska garin, a gwada zanen da ya bayar da wanda aka lissafo daga ƙwayar. Sai sun yi daidai ake yarda cewa abin da ke tukunyar iri ɗaya ne.