Takardar Wuskin Likita ta 1927: Kada a Yi Mata Laminetin

Tambaya: Malam, na sayi wata takarda a gwanjon intanet, wadda wani likita a Amurka ya rubuta wa majinyaci wuski da ita a 1927. Gefenta ya yi ja har ya fara marmashewa, kuma hankalina ya tashi. Anya ta gaske ce? Abokina ya ce in hanzarta in kai a yi mata laminetin.

Amsa: Kwantar da hankalinka, jan gefe tsufa ne. Daga 1920 zuwa 1933, lokacin da aka haramta giya a Amurka, dokar Volstead, wadda ta tsara haramcin, ta bar wa likitoci damar rubuta wa majinyaci giyar da ba ta kai rabin lita ba cikin kwana 10, a kan fom na Ma'aikatar Baitulmali. Don sanin ko ta gaske ce, ka duba lambar fom da lambar izinin likita, da sunan majinyaci, da shaidar mai kantin magani cewa ya ba da kayan ya soke takardar. Sau da yawa za ka ga an rubuta Spiritus Frumenti, sunan wuski a Latin.

Shawarar abokinka kuwa, ita ce abin da ke ƙona mini rai kullum. Mutanenmu sun ɗauka cewa duk takardar da aka rufe da leda ta tsira, kuma masu shagunan kwamfuta ba sa faɗin gaskiya saboda 'yan kuɗin da za su karɓa. Injin yana aiki ne da zafi da gam, gam ɗin kuma yana shiga jikin takarda ta yadda babu gwanin da zai raba su ba tare da ɓarna ba. Tawadar alƙalamin likitan tana iya bajewa, sannan sinadarin da ke cin takardar ya ci gaba da cinta a cikin ledar, kana gani ba ka da yadda za ka yi. Mai tara kayan tarihi da ya san abin da yake yi ba zai saye ta ba, domin ba zai iya taɓa takardar ya tantance ta ba. Haka ma salatif, wanda ke barin tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita.

Ka sa ta a shimfiɗe cikin jakar roba ta adana takardu marar gam, ka ajiye ta a durowa nesa da rana da laimar damina. In kana son nuna wa baƙi, ka ɗauki hotonta ka buga, ka rataye wannan a bango.