Kishiyata, kan maganar waƙa a gidan makoki

Saƙonki ya iso, ƙaninki ya karanta min, shi ne ma yake buga wannan a waya don idona ya daina ganin ƙananan rubutu. Wai don me in an yi rashi ko wata masifa ta sauka a gida, matan zumunta na coci ke taruwa su yi ta raira waƙa har tsakar dare, ko ɓoye baƙin ciki ne? Na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi, ace jikata ce da ta girma a coci take tambayar wannan.

Shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, 1973, ruwa bai yi ba sam, ɗan geron da muka samu bai kai rabin rumbu ba. Ina budurwa lokacin. Ran nan da iskar hunturu wuta ta tashi daga madafin maƙwabta ta kama danga, kafin a ce kwabo ta haye jinkar rumbunmu, muna ta gudu da tulu zuwa rijiya amma ina, rijiyar ma ta ja baya. Har yau in na ji ƙaurin gero ya ƙone a tukunya sai gabana ya faɗi. Inna ta yi kuka fa, kar ki ɗauka ba ta yi ba, ta yi birgima a ƙasa zaninta duk toka. Da dare ya yi mata suka shigo kowa da ɗan kwanon hatsi a ƙarƙashin mayafi, aka shimfiɗa tabarmi, Baba ya kunna aci-bal-bal ya buɗe Littafi Mai Tsarki, Ayyukan Manzanni sura 16. Bulus da Sila a Filibi, an tuɓe su an zane su da sanduna, an jefa su can ƙuryar kurkuku ƙafafu a turu, amma tsakar dare suna addu'a suna waƙa sauran 'yan kurkuku na saurare. Baba ya ce ku lura fa, sun fara waƙar tun kafin girgizar ƙasar da ta buɗe kurkukun, ba su san ƙofa za ta buɗe ba. Wata tsohuwa ta ja baiti, Inna tana share hawaye tana amsawa.

Kakana kuwa wurin da ya fi so shi ne washegari, da mahukunta suka aiko a sallame su a ɓoye, Bulus ya ce atafau, sun doke su a bainar jama'a ba shari'a alhali su Romawa ne, sai su zo da kansu su fitar da su. Kuma suka zo! Kakana yakan ce shiru-shiru ba tsoro ba ne. Inna ita tata wasiƙar Yakubu ce, inda ya kawo manomi mai jiran ruwan farko da na ƙarshe, ta ce wannan mutumin ya san gona.

Ku yanzu gawa ba ta huce ba kun sa hoto a Facebook, kowa ya turo ɗan hoton hawaye ya wuce, ba mai zuwa da kwano. Rasuwar kawunki ma rabinku kuna bayan rumfa kuna danna waya, na gan ki.

Ko ɓoyewa ne, to ki zo hutun Kirsimeti mu zauna. Ki taho min da man zafin nan na gwiwa, wancan ya ƙare.