Kisa a Gidan Gado: Wane Littafi Ya Cancanci Kuɗinku?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar Turanci ce a wata sakandare a Zariya. Mai kawo mini littattafai ya turo mini hoton guda uku: Magpie Murders, The Seven Deaths of Evelyn Hardcastle, da The Guest List. Kuɗina na biyu ne kawai. Kuma tsakani da Allah ban gane abin da ke jan mutane ga labarin attajiran Turawa suna kashe juna a tsohon gida ba.

Wa alaikumus salam, Malama. Bari in fara da maganarki ta ƙarshe, don ita za ta sauƙaƙa mana zaɓin.

Dukiyar mutanen gidan ba ita ce ke riƙe mai karatu ba. Abin da ke riƙe shi shi ne an rufe ƙofa. Katafaren gida ne a ƙauyen Ingila, nesa da gari, dusar ƙanƙara ko ambaliya ta datse hanya, mutum takwas ko goma sun kwana a ciki, gari ya waye an tarar da gawa a ɗakin karatu. Ba ɓarawo ne ya hauro katanga ba. Wanda ya yi kisan yana zaune a teburi ɗaya da sauran, yana miƙa musu gishiri, yana amsar gaisuwar ta'aziyya. Da ɗan gari akan ci gari, in ji Hausawa, kuma duk wanda ya taɓa zama a gidan gandu bayan rasuwar maigida, ya ga yadda 'yan uba ke auna maganar juna kafin rabon gado, ya san wannan iskar tun kafin ya buɗe littafin.

Abin yana da tushe a gaske. A 1860, a wani gida da ake kira Road Hill a kudu maso yammacin Ingila, an ɗauke yaro ɗan shekara uku daga gadonsa cikin dare aka kashe shi, alamu kuma suka nuna aikin na gida ne. Jami'in da aka turo daga Landan, Jack Whicher, ya zargi yayar yaron da suke uba ɗaya, Constance, mai shekara 16. Jaridu suka yi masa caa, sunansa ya ɓaci, sai a 1865 ta fito da bakinta ta amsa laifin. Tun daga lokacin mutanen ƙasar suka kamu da son jin abin da ke ɓoye a bayan labulen gidajen mutunci. Da Agatha Christie ta fitar da littafinta na farko a 1920, The Mysterious Affair at Styles, ta sa har da taswirar ɗakunan gidan, don mai karatu ya duba da idonsa wace ƙofa ce ke buɗewa zuwa ɗakin tsohuwar da aka sa wa guba.

Wannan taswirar ita ce sirri na biyu, kuma shi na fi so. Akwai amana tsakanin marubuci da mai karatu. A 1929 wani limamin coci kuma marubuci, Ronald Knox, ya jera ƙa'idoji goma: a ambaci makashin tun farkon labari, kada a kawo gubar da duniya ba ta sani ba, kada a warware matsala da aljanu ko tsafi, kada mai bincike ya ɓoye wa mai karatu wata alamar da ya gani. Ke nan duk abin da jami'in ya sani ke ma kin sani. In ya riga ki gano gaskiya, sai ki koma baya ki tarar da alamar tana nan a shafin da kika wuce da gudu. Wannan komawa bayan, da riƙe baki da kike yi, shi kike biya wa kuɗi.

Marubutan yau kuwa sun gaji gidan bayan ya rushe. Harajin gado, yaƙe-yaƙen duniya guda biyu da ƙarancin barori sun durƙusar da irin waɗannan gidaje, har a 1955 ana rushe kusan guda a kowane kwana biyar. Ga wayar hannu da gwajin ƙwayar halitta, waɗanda za su kashe labarin tun shafi na talatin. Dole kowane marubuci ya nemi dabarar sake rufe ƙofar, kuma a nan littattafanki uku suka rabu.

Sayi Magpie Murders na Anthony Horowitz, wanda ya fito a 2016, ba tare da wani kokwanto ba. Littafi biyu ne a bango ɗaya. Wata edita, Susan Ryeland, tana karanta rubutun wani marubucinta kan kisa a gidan Pye Hall a 1955, mu ma muna karantawa tare da ita, sai ta tarar babin ƙarshe ba ya nan, marubucin kuma ya mutu. Za ki sami tsohon salo cikakke, sannan ki sami na zamani yana yi masa tambayoyi. Ga malamar Turanci ma riba biyu ce, don za ki ga yadda mutum ɗaya ke rubutu da murya biyu.

Na biyun sai ki auna lokacinki. The Seven Deaths of Evelyn Hardcastle, littafin Stuart Turton na 2018, wanda ya ci kyautar Costa ta littafin farko, ya karya ƙa'idar Knox da gangan: mutum ne yake farkawa a jikin baƙi takwas daban-daban a gidan Blackheath, yana maimaita rana ɗaya, har sai ya gano wanda zai kashe Evelyn. Yana da tsawo, yana buƙatar biro da takarda a gefe, kuma ba ya karantuwa a tsakanin darasi da darasi. The Guest List na Lucy Foley, na 2020, ya fi saurin shiga. Biki ne a wani tsibiri a gaɓar Ailan, guguwa ta taso, kuma sai dab da ƙarshe ake sanin ko wa aka kashe. Sai dai babu jami'in bincike da za ki yi tsere da shi, ga giya da ashar da maganar kwanciya da yawa. Ni da kuɗina, Turton zan ɗauka in ajiye shi sai hutun zango.

Tambaya: Ni ɗalibin shari'a ne a Sakkwato. Me ya sa kusan duk littafin irin wannan da na ɗauka sai an zo kan wasiyya? Wanne ne ya fi kyau a wannan fanni?

Ɗan'uwa, ka taɓo jijiyar abin. A wurinmu rabon gado Alƙur'ani ya riga ya yanka shi, wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Uba ba zai iya tashi da fushi ya hana ɗansa gado da alƙalami ba. A Ingila kuwa mutum yana da ikon barin dukiyarsa ga wanda ya ga dama, ko da yake dokoki, musamman ta 1975, sun ba iyali damar kai ƙara in an bar su hannu rabbana. Saboda haka tsohon da ya ce a wajen cin abincin dare gobe zai kira lauyansa ya sake wasiyya, ya ba kowa a teburin dalilin so kada goben ta same shi da rai. Inda dokokin biyu suka haɗu shi ne makashi ba ya gadon wanda ya kashe, shi ya sa dole ya ɓuya, shi ya sa kuma ake da labari.

Nemi The Death of Mrs Westaway na Ruth Ware, na 2018. Wata yarinya da bashi ya yi wa katutu a Brighton ta sami takardar lauya cewa kakarta ta bar mata gado. Ta san kuskure ne, amma ta shiga jirgin ƙasa zuwa gidan Trepassen a Cornwall da niyyar karɓa. Ka sani tun yanzu cewa sana'arta duba ce da kati, in hakan zai dame ka. Ban da wannan, ban san littafin zamani da ya fi shi nuna yadda takarda ɗaya ke birkita dangi ba.

Tambaya: 'Yata mai shekara 12 ta nace sai na saya mata irin waɗannan littattafai. Ina tsoron abin da ke ciki. Mahaifi daga Kano.

Alhaji, tsoronka yana kan hanya, amma kada ka kashe mata son karatu. Akwai jerin da Robin Stevens ta rubuta don yara masu irin shekarunta, wanda ya fara da Murder Most Unladylike a 2014. 'Yan mata biyu ne 'yan makarantar kwana a shekarun 1930, Daisy Wells da Hazel Wong wadda ta zo daga Hong Kong. Na biyu a jerin, Arsenic for Tea, shi ne na gidan ƙauye: an sa wa baƙo guba a shagalin ranar haihuwar Daisy, ruwa ya tare hanya. Babu bayanin jini mai tayar da hankali, amma akwai zancen mahaifiyar Daisy da ke sha'awar wani namiji ba mijinta ba. Ka riga ta karantawa, ko ka ba mahaifiyarta, dare biyu ya isa. In kun yarda, ku karanta tare kuna cankar makashin. The Guest List kam ba nata ba ne.

Tambaya: Gwanjo zan saya, ko sabo, ko in karanta a waya?

Fara da abin da ba ya cin ko kwabo. The Mysterious Affair at Styles da The Red House Mystery na A. A. Milne, na 1922, suna nan kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg. In ka gama ɗaya ba ka ji kana son sanin wa ya yi ba, ka adana kuɗinka.

In kuma ka kamu, takarda ta fi waya a wannan fanni, saboda za ka riƙa komawa kan taswira da jerin sunayen mutanen gida, yatsa ɗaya a can ɗaya a nan. Gwanjo ba laifi, amma kafin ka biya ka juya bayan littafin ka tabbatar shafukan ƙarshe suna nan, ka duba lambobinsu kawai, kada idonka ya sauka kan rubutun. Ka kuma lura ko wani ya ja layi ƙarƙashin sunan wani da biro a farkon littafin. Bugun jabu mai arha yakan tsallake shafuka ko ya maimaita su, don haka ka bi lambobin tsakiya ma.

A kula da suna, domin bugun Amurka da na Ingila sukan bambanta, mutum ya sayi abu ɗaya sau biyu. Littafin Turton a Amurka sunansa The 7½ Deaths of Evelyn Hardcastle, Arsenic for Tea kuma can Poison Is Not Polite ake ce masa. In Magpie Murders ka ɗauka ka ga labarin Pye Hall ya tsaya cak a tsakiya, kada ka koma wa mai littafi da faɗa. Ci gaba da karatu, babin yana gaba.