Kafin ka taɓa jari, duba abin da ke tashi tare da kwamfutarka

Wani ɗan kasuwa ya rubuto cewa kwamfutar teburin da yake rubuta ciniki da buga rasit tana daɗewa kafin ta kimtsa da safe, masu saye na tsaye suna jira. Yana tambaya ko ya cire kuɗi daga jari ya sayi sabuwa.

Alhaji, ka dakata tukuna. Sau da yawa ba tsufa ke damun injin ba, manhajoji ne suka yi masa yawa a lokacin tashi. Yawancinsu idan aka saka su sai su rubuta kansu cikin jerin masu tashi da zarar an kunna, duk su rufar wa faifan ajiya da RAM (ma'ajin wucin gadi da injin ke aiki a cikinsa) lokaci guda, kamar 'yan dako goma a ƙofa ɗaya.

Idan Windows 10 ko 11 gare ka, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga sashen Startup. Za ka ga sunan kowace manhaja, a gefe kuma an auna nauyinta: High, Medium ko Low. Wadda aka rubuta wa High tana cin fiye da daƙiƙa 1 na aikin injin, ko fiye da megabait 3 na karatu da rubutu a faifai. Da su za ka fara. Zaɓi manhajar, ka danna Disable. Wannan bai goge ta ba, tana nan, sai dai ba za ta buɗe ba sai ka neme ta. Irin su Spotify da Teams da manhajojin wasanni ba su da aikin yi a teburin ciniki da sassafe. Wasu suna da taurin kai, su sake kunna kansu, sai ka shiga saitinsu na ciki ka kashe daga can.

Inda ake yin asara shi ne kashewa barkatai. Kada ka taɓa manhajar tsaro daga ƙwayoyin cutar kwamfuta, da ta firintar rasit, da duk abin da ke ɗauke da sunan manhajar cinikinka. Mafi haɗari ita ce mai kwafe bayanai zuwa intanet, irin OneDrive ko Google Drive. Idan ka kashe ta babu abin da zai yi ƙara, aiki zai ci gaba lafiya, amma kwafin littafin basussukanka ya tsaya a wannan ranar. Ba za ka sani ba sai ranar da faifan ya mutu. Sunan da ba ka gane ba kuwa, ka bincika shi kafin ka kashe. Ka riƙa kashe biyu ko uku, ka yi Restart, ka buga rasit na gwaji, sannan ka ci gaba. Haka za ka gane mai laifi idan wani abu ya tsaya.

Manhajar cinikin ita kam gara ta buɗe da kanta. Danna maɓallin Windows da R, rubuta shell:startup, ka danna Enter, ka ajiye gajeriyar hanyarta (shortcut, wato alamar da ake dannawa a buɗe ta) a jakar da ta buɗe.

Idan bayan wannan nauyin bai ragu ba, duba sashen Performance na Task Manager ka ga irin faifanka. In HDD ne, mai juyawa, sauya shi da SSD, faifai marar juyawa mai sauri, ya fi sayen sabon inji araha nesa ba kusa ba, kuma shi ne ke kawo babban bambanci a saurin tashi. RAM mai gigabait 4 a ƙara shi ya kai 8. Ka kwafe bayananka a wani faifai na daban kafin mai gyara ya kwance murfin.